3.4 Haraji da Sa Hannun Jama'a a Kasafin Kuɗin Ƙaramar Hukuma

Kasafin kuɗi shi ne ƙiyasin abin da hukuma take sa ran samu da abin da za ta kashe a cikin shekara guda. A wannan sashe za a duba dangantakar da ke tsakanin hanyar da ƙaramar hukuma take samun kuɗi da irin bakin da jama'a suke da shi a kan yadda ake kashe su.

A zamanin En'e, haraji da jangali su ne ginshiƙin Baitulmali. Mai unguwa ne yake tarawa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, shi kuma ya miƙa wa Baitulmali. Talaka ya san abin da ya biya, domin yana riƙe da takardar haraji, amma ba shi da damar tambayar inda kuɗin suka nufa. Zaluncin da ake yi wajen karɓa shi ya sa gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979.

Gyaran fuskar da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ya mayar da su mataki na uku na gwamnati, ya kuma ba su kaso daga kuɗin tarayya. A wancan lokaci guda 301 ne, amma a 1996 suka kai 774. Doka ta 21 ta 1998 ta jera abubuwan da za su iya karɓa, kamar kuɗin rumfunan kasuwa da na tashar mota da na mayanka da na rajistar aure. Sai dai a mafi yawan ƙananan hukumomin karkara waɗannan kuɗaɗe ba su taka kara sun karya ba, in an kwatanta da kason wata-wata da ke zuwa daga Abuja.

A nan ne matsalar take. Tun da yake ba daga aljihun jama'a mafi yawan kuɗin suke fitowa kai tsaye ba, ciyaman ya fi jin tsoron wanda yake sakar masa kuɗi fiye da wanda ya zaɓe shi. Shi ma talaka yakan ɗauka cewa kuɗin gwamnati ne, ba nasa ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ƙara tsananta lamarin, domin ya tanadi asusun haɗin gwiwa wanda ya sa kason ƙananan hukumomi yake bi ta hannun jiha.

Idan aka dubi yadda ake shirya kasafin, za a ga cewa shugabannin sassa ne suke kawo buƙatunsu, ma'aji ya harhaɗa, ciyaman ya gabatar wa kansiloli, sannan a aika ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha. Kansila ne kaɗai ƙofar da mutanen mazaɓa suke da ita. Inda kuwa aka naɗa kantoma ko kwamitin riƙo, to ita ma wannan ƙofa ta toshe. Sakamakon haka sai a gina rumfunan kasuwa a garin da rijiya yake nema.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai za a ba. Wannan hukunci ya shafi hanyar da kuɗi za su bi ne kawai, bai tanadi yadda jama'a za su sa ido ba. Don haka akwai buƙatar a kira taron mazaɓa kafin a rubuta kasafi, kamar yadda birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil ya fara a 1989. Haka kuma ya kamata a liƙa abin da aka samu da abin da aka kashe a sakatariya, da harshen da jama'a suke ji, sannan a ba duk wanda ya biya kuɗin kasuwa rasit. In ba a yi haka ba, kuɗin za su bar hannun gwamna su koma hannun ciyaman, talaka kuwa yana nan inda yake.