Rumbu, Gayya Da Ziyara: Aikin Da Ke Gaban Majami'un Gwarzo Da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa ƙasar Kabo da Gwarzo, har ta shiga Jihar Katsina ta wajen Dayi, in ya sauka daga kwalta ya kutsa cikin unguwannin da ke warwatse a tsakanin gonaki, zai tarar da ƙananan majami'u nan da can, waɗansu na jar ƙasa, waɗansu na bulo da rufin kwano. Masu yin sujada a cikinsu ba baƙi ba ne. Hausawa ne 'yan ƙasa, yawancinsu zuriyar Maguzawa, manoman dawa da gero da masara da gyaɗa, waɗanda ke zaune 'yan tsiraru a tsakanin 'yan'uwansu Musulmi.

Waɗannan majami'u ba su da dukiya. Abin da ke shiga kwanon baiko ran Lahadi da ƙyar yake riƙe fasto ko mai bishara. Amma duk da haka a kewayensu akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa, da matan da mazansu suka rasu, da marayu, da makafi da guragu. Ta yaya ikilisiyar da ita kanta matalauciya ce za ta karɓi irin waɗannan bayin Allah ta riƙe su?

Gidan Da Ya Watse

A da wannan tambaya ba ta taso ba, domin gida ne ke ɗauke da nauyin. Masana irin su Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a 1938 da 1939, da Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1960, sun bayyana irin manyan gidajen da aka san Maguzawa da su, inda uba da 'ya'yansa da jikoki ke zaune cikin shinge ɗaya. Ana noman gandu tare, ana zuba hatsi a rumbun gida, sa'an nan kowa yana da 'yar gayaunarsa. A irin wannan gida tsoho ba ya kwana da yunwa, kuma ba ya wuni bai sami abokin hira ba.

Yau gandu ya yi rauni. Rabon gado ya daddatsa gonaki, samari suna tafiya cirani Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, da yawa kuwa ba su komowa sai da bikin Kirsimeti ko jana'iza. Har wa yau sauyin addini ya raba gidaje da dama: wani ɗa ya musulunta ya koma cikin gari, wani ya shiga Kiristanci, tsohuwa kuwa tana nan a tsohon ɗakinta. Sau da yawa kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ke kula da ita.

Zamanin Mishan Ya Wuce

Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin ƙasashen sarakuna. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta sami shiga lardin Kano, kuma ta ƙofar magani ta shiga. Ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta, wanda ya zauna a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a karkara, cikinsu har da Kabo da Ƙaraye da Tofa. A wancan zamani taimakon coci yana nufin allura da ƙwayoyi da allon makaranta, kuɗinsu kuwa daga ƙasashen waje yake zuwa.

An kafa ECWA a 1954 domin 'yan ƙasa su riƙe ikilisiyoyinsu, a shekarun 1970 kuma gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan. Yanzu shugabanci yana hannun 'yan ƙasa: Katolika suna da dayosis a Kano tun 1999, Angilikan kuma suna da dayosis ɗin Bari a ƙasar Rogo, ban da na Kano. Watau ba sauran Baturen da za a jira ya zo da akwatin magani.

Bukata kuwa ƙaruwa ta yi. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, a karkara kuwa adadin ya kai kashi 72. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsadar mota da abinci. Kaɗaici ma ya zama abin da hukumomi ke ƙirgawa: Ingila ta naɗa minista a kansa a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da rahoto a 2025 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, kuma yana da hannu a mutuwar mutane fiye da 800,000 kowace shekara.

A Fara Da Sanin Su

Matakin farko ba ya cin ko kwabo, shi ne a san mabukata da sunayensu. Wanda ya fi kowa bukata ba safai yake zuwa sujada ba, ko don ƙafa ta gaza, ko don ba shi da tufar shiga mutane. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman domin rabon abinci, bayan an yi gunaguni cewa ana mantawa da waɗansu matan da mazansu suka mutu. Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda ɗalibai suka kafa a birnin Faris a 1833, ta ginu ne a kan bin matalauta har gidajensu. Majami'ar ƙauye tana iya yin haka: dattawa da Zumuntar Mata su raba unguwanni a tsakaninsu, kowane tsoho da majinyaci a san wanda zai leƙa shi a mako, da ranar da zai je.

Rumbun Ikilisiya

Na biyu shi ne hatsi, da sanin lokacin raba shi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna yadda talaucin manomi yake haifar da kansa. Matalauci yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, domin biyan bashi. Rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani domin abincin yini, tasa gonar ciyawa ta cinye. Da kaka ya girbe kaɗan, baɗi kuma a koma gidan jiya.

Majami'u suna da al'adar godiyar kaka, inda kowa ke kawo dami ko tiya daga amfanin gonarsa. In aka sayar da wannan hatsi duka a ranar, an sayar da shi ke nan a lokacin da ya fi araha. In kuwa aka keɓe wani kashi a rumbu har zuwa Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabon gero bai nuna ba, tiya ɗaya za ta yi aikin da biyu ba su yi ba da kaka. Sharaɗi shi ne amana: makulli a hannun mutum biyu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta lissafi gaban jama'a, amma kada a ambaci sunan wanda ya karɓa.

Gayya Da Wurin Zama

Na uku shi ne ƙarfin samari. Gayya tsohuwar al'ada ce, illa dai mai gayya shi ke ciyar da masu aiki, don haka mai hali ne ke iya kiranta. Ƙungiyar matasan ikilisiya tana iya juya abin, ta zo da abincinta ta yi wa tsohuwa noman fari da maimai, ta yaɓe mata ɗaki kafin ruwa ya sauka. Haka kuma a keɓe 'yan kuɗi domin kai majinyaci babban asibitin Gwarzo ko Kano, a kuma sami mai zaman jinya, gama sau da yawa rashin ɗan rakiya ke hana tsoho zuwa asibiti.

A cikin majami'ar ma akwai gyara. Shelar sunayen masu ba da gudummawa da adadin kuɗinsu, da tilasta ankon ƙungiya, suna korar matalauci ba tare da an ce masa ya fita ba. Karɓar mutum ta gaskiya ita ce a ba shi wurin zama da kuma aiki: makaho mai murya ya ja waƙa, tsohuwa ta koya wa 'yan mata saƙa da kaɗi. Wanda ake bukatarsa ba ya jin shi kaya ne.

Ba Ciniki Ba Ne

Akwai wani abin lura da ya shafi zaman lafiya. A wurin da gida ɗaya ke ɗauke da addini biyu ko uku, taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin shiga coci ciniki ne, kuma zai jawo zargi da husuma. Kamata ya yi a ba mabukaci saboda bukatarsa, a yi abin a fili da sanin mai unguwa da dagaci, a kuma nemi 'ya'yansa Musulmi a haɗa hannu da su. Musulunci ya tanadi zakka da sadaka da haƙƙin maƙwabci, Jihar Kano ma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Saboda haka aikin ba baƙo ba ne ga kowa.

A ƙarshe, nauyi yana kan 'ya'yan waɗannan ƙauyuka da suka yi ilmi, ma'aikatan gwamnati da ɗalibai. Buhu guda da ma'aikaci zai saya da kaka ya ajiye a rumbun garinsu ya fi babbar gudummawar da zai yi shela da ita ran biki. Ɗalibi kuwa hutun damina ya ishe shi ya riƙe fartanya kwana biyu a gonar wadda ba ta da kowa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, tsofaffin Getso da Garo da Kutama kuwa sawun ƙafar nan suke saurare a ƙofar ɗaki.