Layi Ɗaya, Kwamfutoci da Yawa: Yadda Rauta ke Raba Intanet a Gida

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa ɗaruruwan ɗalibai na iya amfani da akwatin gidan waya guda ɗaya. Gidan waya lambar akwatin kawai ya sani. Masinjan makaranta ne ke ɗauko jakar wasiƙu, ya duba suna da aji, ya miƙa wa kowa tasa. Irin wannan aiki ne 'yar na'urar nan da ake kira rauta take yi a gidan da ke da layin intanet ɗaya amma kwamfutoci da wayoyi da dama.

Asalin buƙatar wannan masinja shi ne ƙarancin adireshi. Kowace na'ura da ke kan intanet sai tana da lambar da za a same ta da ita. Tsarin lambobin da aka fitar a 1981, wato IPv4, gurabe kimanin biliyan 4.3 ne kacal a cikinsa. A wancan zamani an ɗauka sun wadatar. Amma a Fabrairun 2011 aka raba ragowar da ke babban rumbun duniya, yawan bil'adama kuma ya haura biliyan 8 a 2022. Akwai sabon tsari mai yalwa, IPv6, sai dai tsohon bai bar aiki ba. Don haka a tsohon tsarin adireshi ɗaya kamfani yakan bai wa gida.

Dabarar da aka bayyana a 1994 ita ce musanya adireshi. Rauta takan bai wa kowace kwamfuta lambar cikin gida, alal misali 192.168.1.2. Irin wannan lamba ba ta fita waje, saboda haka miliyoyin gidaje na iya maimaita ta, kamar yadda kowace makaranta ke da nata aji ɗaya. Idan ɗalibi ya nemi wani shafi, sai rauta ta cire lambarsa ta cikin gida, ta sa adireshin gidan, ta liƙa wata lambar shaida, sannan ta rubuta a rajistarta. Da amsa ta dawo, sai ta duba rajista ta kai wa mai ita. Saƙon da ya zo ba tare da wani ya nema ba kuwa, yawanci watsar da shi take yi. A nan ɗaliban ilmin halittu za su tuna da fatar ƙwayar halitta, wadda ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai tsaya a waje.

Sai dai rauta rabawa take yi, ba ta ƙara komai. Idan layin na ɗaukar megabit 20 a daƙiƙa, mutum huɗu kuma suka buɗe bidiyo lokaci guda, waɗannan 20 ɗin za su yi wawaso. Malamin da ke shirin haɗa ɗakin kwamfuta ya fara tambayar ƙarfin layin kafin ya zargi na'ura.

Wurin ajiye ta ma abin lura ne. Wi-Fi igiyar rediyo ce, galibi a kan gigahaz 2.4 ko 5. Bangon siminti yana raunana ta, ƙarfe yana mayar da ita baya, ruwa kuma yana shanye ta. Da yake kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, aji cike da ɗalibai kan rage mata ƙarfi. A ɗora ta bisa, a tsakiyar gida. Kwamfutar da ba a ɗagawa kuwa, a ganina waya ta fi mata, domin tana kai saƙo har mita 100 ba tangarɗa.

Saura kulle ƙofa. A sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani, a kuma zaɓi kariyar WPA2 ta 2004 ko WPA3 ta 2018. Tsohuwar kariyar WEP tun a 2001 masana suka nuna yadda ake fasa ta. Duk abin da baƙo ya aikata ta layinka, adireshin gidanka ne zai bayyana a waje.