Gabi: Daƙiƙun da ke raba mai fatsa da kifinsa a bakin gulbi

Da zarar ruwan sama ya kankama, Gulbin Gabi yakan farka daga barcin rani, ya ratsa ƙaramar hukumar Gabi da ke gundumar Madarunfa a jihar Maradi, ya nufi tafkin Madarunfa, wanda ya yi suna da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyin Ramsar a shekarar 2019. Ruwan gulbin ba ya daɗewa. Bayan damina sai ya janye, ya bar guraben ruwa nan da can, inda yara da magidanta ke zama da sanda da zare da ƙugiya.

Masunta na asali suna da kalli da birgi da mamari da gura. Mai fatsa kuwa ƙugiya ɗaya gare shi, wani lokaci kifi ɗaya ne rabonsa na yinin, kuma a kansa ake jiran miyar dare.

Ba kowane kamu ne kamu ba. Idan kifi ya haɗiye koto, ko ƙugiya ta shige kusurwar baki inda nama ke da tauri, da wuya ya tsira. Matsalar tana zuwa ne idan ta maƙale a ɗan siririn leɓe, ko ta soki fatar kumatu daga waje. Wanda ya saba yakan gane tun kafin ya ga kifin, domin jan ba ya zuwa da nauyi ɗaya, sai zaren ya riƙa karkarwa, kifin na tafiya a karkace.

A nan ne gaggawa ke cin mutane. Sabon shiga yakan fizge sanda da ƙarfi don ya jefo kifin tudu, sai leɓen ya yage. Wani kuma tsoro ya kama shi ya saki zare, alhali duk girgiza kan da kifin ya yi tana faɗaɗa hudar, da zaren ya yi sako-sako ƙugiyar za ta zame da kanta. Abin da ake so yana tsakanin biyun: zare a miƙe koyaushe, ba fizga, a bar lanƙwasar sandar ta shanye bugun kifin. Tunda sandar gargajiya ba ta da abin naɗe zare, ƙafa ce ke yin wannan aiki. Kifi ya yi gabas, mai fatsa ya bi shi ta bakin gaɓa, ya juyo, a juyo tare, har ya gaji ya fara kwantawa a gefe.

Kowane kifi da halinsa. Karfasa ɓarauniyar koto ce, ga ƙaramin baki, sau da yawa a gefen leɓe ake samun ta. Tarwaɗa takan nutsa ƙasa tana neman saiwa ko ciyawa, tana murɗa jiki, ga santsi kamar an shafa mata yauƙin kuɓewa. Ƙurungu kuma yakan miƙar da ƙayoyinsa su ƙage, wanda ya cafke shi da garaje sai ya kwana yana jinyar tafin hannu.

Mafi yawan asarar a taku biyu na ƙarshe take faruwa. Muddin kifi na cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da nauyinsa. Ana ɗaga shi sama, nauyin gaba ɗaya ya koma kan ɗan naman da ƙugiya ta riƙe. Shi ya sa masu wayo ba sa ɗaga shi. Ko dai su ja shi a hankali zuwa wuri marar zurfi har cikinsa ya taɓa laka, ko abokin tafiya ya nutsar da koma ko ƙwarya tun da wuri, a jawo kifin da kansa a gaba har ya shiga. Bin sa da koma ta baya kuskure ne, ba banza aka ce kifi na ganinka mai jar koma ba. Idan tarwaɗa ce kuma babu koma, ta bayan kai ake danne ta, ana kaffa-kaffa da ƙayar da ke kowane gefe.

'Yan ƙasar da ke zaune a Faransa ko Beljiyam sukan yi mamakin ganin Turawa sun sha wannan wahala, sun ɗauki hoto da kifin, sannan sun mayar da shi ruwa. Wasunsu har daddanne ɗan haƙorin ƙugiyar suke yi don kada ta ji wa kifin ciwo. A Gabi, wannan haƙori ne mai fatsa ke fara dubawa kafin ya biya kuɗin ƙugiya.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa kowane kamu tsada. Matsalar 'yan bindiga a kan iyakar Nijar da Najeriya, wadda ta shafi ƙauyukan Gabi da yankin dajin Baban Rafi a shekarun nan, ta sa ba kowa ke son yamma ta riske shi a gurbin ruwa mai nisa da gari ba, alhali da almuru da dare ne tarwaɗa ta fi cin koto. Wanda kifinsa ya kuɓuce da la'asar sakaliya, sau da yawa naɗe zarensa yake yi ya kama hanyar gida.