Koyon Saƙa a Makarantun Zamani da Matsayin Keɓaɓɓun Kalmomin Masaƙa

1.0 Gabatarwa

Saƙa tana daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa. A lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka kuma rina a can har Tumbuktu da Tarabulus. A yau ana koyar da wannan sana'a a manyan makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ɗaliban fannin tsara zanen tufafi suke zama a kan masaƙa, amma da Ingilishi ake koya musu. Wannan maƙala za ta bi matakan da ɗalibi yake bi, ta nuna inda Hausa take da kalma da kuma inda ake da giɓi.

2.0 Matakan Koyo

Ɗalibi yakan fara ne da wadari, wato jera zaren tsaye gwargwadon tsawo da faɗin abin da za a saƙa. Daga nan sai ya zura zaren ɗaya bayan ɗaya ta cikin allera, sannan ta haƙoran matsefi. A nan ne haƙurinsa yake bayyana, domin kuwa zare ɗaya da ya saɓa wurinsa zai bar aibi tun daga farkon ƙyalle har ƙarshensa.

Ita kanta saƙar motsi uku ce. Masaƙi yakan taka mataki, allera ta raba zaren tsaye gida biyu. Sai ya jefa ƙoshiya ta tsakani, tana ɗauke da kwarkwaro mai zaren kwance. Sannan ya jawo matsefi ya danne zaren. Abin da aka saƙa ana naɗe shi a jikin takala, kunkuru kuwa, wato nauyin da aka ɗaure ƙarshen wadari da shi, yana matsowa sannu a hankali. Waɗannan motsi uku su ne dai a masaƙar makaranta, har ma da injinan masaƙu irin na Kaduna da suka fara aiki a 1957.

3.0 Inda Giɓi Yake

Masaƙar maza ta gargajiya allera biyu gare ta, kuma sawaye take fitarwa, waɗanda ake ɗinkewa su zama zane ko riga. Sawun turkuɗi na ƙasar Kura bai wuce inci ɗaya a faɗi ba. Masaƙar makaranta kuwa takan ɗauki allera huɗu ko fiye, ɗalibi kuma sai ya tsara zanensa a takarda mai gidaje-gidaje kafin ya taɓa zare. Wannan tsari na takarda, da ire-iren saƙar da yawan allera yake haifarwa, ba su da tsayayyun sunaye a Hausa.

Wani abin lura shi ne, harshen yau da kullum ya riƙe maganganu irin su "saƙar zuci" da "saƙa da warwara" da "saƙa da mugun zare", alhali kuwa sunayen kayan aikin suna ɓacewa yayin da masaƙa suke raguwa.

4.0 Kammalawa

Aikin da ke gaban masana iri biyu ne: tattara kalmomin daga bakin masaƙan da suka rage, tare da bambancin karin harshe, da kuma ƙirƙiro sababbi daga tushen tsofaffin. Akwai abin koyi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ko da yake harshe da adabi ya shafa. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, mai mazauni a Sheda cikin yankin Abuja, ita ce ta dace ta haɗa masana harshe da malaman tufafi da masaƙa a kan wannan aiki. Idan aka yi jinkiri, ɗalibi Bahaushe zai iya ƙwarewa a saƙa amma ya kasa bayyana aikinsa ga masaƙin garinsu.