Ruwan Rini da Kogin Wudil

Kogin da ya ratsa ƙarƙashin gadar Wudil yana isowa ne bayan Kogin Challawa ya haɗe da Kogin Kano a wajen Tamburawa, kuma sananne ne cewa Challawa na karɓar dagwalon masana'antun jima da na yadi. Abin da ba a cika tankawa ba shi ne ɗabi'ar ƙananan marina masu rina shadda a bakin kwata, waɗanda da sun gama aiki sai su kifar da bahon rini cikin lambatu, da sodarsa da komai, kamar ruwan da ya bar ƙofar gida ya bar duniya. Wannan ganganci ne, domin lambatun nan a kogi yake ƙarewa, inda masunta da manoman rani da makiyaya ke jiransa.

Marinar gargajiya irin ta Ƙofar Mata da baba da toka take aiki, amma rinin zamani an haɗa shi ne musamman don kada ya koɗe, saboda haka ba ya saurin ruɓewa a kogi, kuma wasu daga dangin da ake kira azo sukan rikiɗe su zama sinadaran da aka danganta da ciwon dajin mafitsara. Tafasa ruwa ba ta kawar da su, alif kuwa yakan kwantar da laka ya rage launi, amma ba ya kakkarya sinadarin.

Kakkaryawar aikin katalis ne, wato abin da ke gaggauta aikin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba, wanda Paul Anastas da John Warner suka sa cikin ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kare muhalli a 1998. Misali, titaniyam dayoksaid, farar hodar da ake sawa a fenti, idan rana ta haska shi yakan wargaza rini, rana kuwa ba ta ƙaranci a Kano.

Sai dai katalis ba ya aiki a kogin da ke gudu, sai a ruwan da aka tara. Don haka wajibi ne kowace marina ta gina ramin siminti ta riƙa zuba ragowar rini a ciki, ta kuma nemi shawarar masana sinadarai na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil kafin ta saki ruwan. Bahon da aka taɓa yin rini a ciki kuma bai kamata ya koma gida a zuba ruwan sha ba, ko sau nawa aka wanke shi.