Hakeem Olajuwon: Golan da Aka Ara wa Ƙwallon Kwando

A ƙauyukan Kadawa, daga Kura har Bunkure, idan Allah Ya ba yaro tsawo an riga an yanka masa aiki: ya cilla buhun shinkafa kan mota, da yamma kuma in an fito ƙwallo a ce ya shiga raga. Da wuya wani ya kawo ƙwallon kwando a ransa. Alhali ɗan Najeriyar da ya fi kowa suna a wannan wasa, Hakeem Olajuwon, daga ragar ya fito.

A Legas aka haife shi a 1963. Har ya kai shekara 15 ba ruwansa da kwando. Gola ne, yana kuma buga ƙwallon hannu. A Arewa ƙofar ta buɗe masa. Makarantarsu, kwalejin horon malamai ta Musulmi, ta je gasar wasanni a Sakkwato da shi cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka nemi a ara wa 'yan kwando shi. Aron da ba a mayar ba ke nan.

A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston da ke Amurka, wajen koci Guy Lewis. A can jami'a ce ke renon ɗan wasa, kamar yadda manomin rani ke renon irin tumatir kafin dashe: ta ɗauke masa kuɗin karatu da kwana da abinci, shi kuma ya buga mata. Hakeem bai shiga gasa ba a shekararsa ta farko, a ta biyu ma rabonsa benci. Da hutu ya zo sai ya riƙa kai kansa wani filin atisaye a Houston yana gwabzawa da Moses Malone, ƙaton da a lokacin ake shakkarsa a gasar NBA. Ya sha ture da bangaza, amma ya koma makaranta wani mutum daban. A ganina wannan hutun ne ya yi shi, ba tsawonsa na ƙafa bakwai ba, don dogaye ba su da tsada a Amurka.

Sau biyu a jere ya kai jami'arsu wasan ƙarshe, sau biyu kofin yana kuɓuce masa. A 1983 Jami'ar Jihar North Carolina ta doke su da 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta su Patrick Ewing ce ta ɗauka.

A wannan shekarar ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa. Michael Jordan na uku ya zo. Sai da ya jira shekara goma kafin ya taɓa kofi: a 1994 ya rama wa Ewing da ƙungiyarsa ta New York, ya kuma haɗa gwarzon shekara, gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a kaka guda. A 1995 suka share Orlando ta su Shaquille O'Neal wasa huɗu babu ko ɗaya.

Makaminsa ƙafa ce. Zai yi kamar zai juya dama, mai tsaronsa ya tashi sama, shi kuwa ya riga ya sulale ta hagu. Da bakinsa ya sha cewa daga ƙwallon ƙafa ya samo wannan. Jifa 3,830 ya tare kafin su kai kwando, har yau ba wanda ya kamo shi a kundin NBA, kuma bayan ya yi ritaya a 2002 Kobe Bryant da LeBron James sun je ɗaukar darasi a wajensa.

Bai ajiye azumi don wasa ba. A Fabrairun 1995, watan da ya zo daidai da Ramadan, shi ne gwarzon wata na NBA. Wanda ya taɓa ban ruwa a gona da bakin azumi ya san abin da ake nufi.

Abu ɗaya ne ke ci mini rai. A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda su Kanu suka ciyo wa Najeriya zinare a ƙwallon ƙafa, shi ma ya rataya nasa zinaren, amma da rigar Amurka a jikinsa.