Yadda Ƙusa Ke Zama Mayen Ƙarfe

Ran da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare, na shiga aji da ƙusa mai inci 6, da batirin tocila, da wayar jan ƙarfe, ina taƙama zan nuna wa yara abin mamaki. Na naɗe ƙusa da waya, na haɗa bakin wayar biyu da batir, na kai tsinin ƙusa kan tarin allurai. Ko ɗaya ba ta motsa ba. Waya ta yi zafi har ta ƙona mini yatsa. Yara suka bushe da dariya, malamin da ya zo duba ni kuwa yana can bayan aji yana ta rubutu. Don kada wani a cikinmu ya sha irin wannan kunya na ga ya kamata in rubuta abin da na gane daga baya.

Ashe wayata ce tsirara, ba ta da rufi. Lantarki ba ya son doguwar hanya in ya sami gajeriya. Da naɗi ya taɓa ƙusa, sai ya ratsa ta cikin ƙarfe ya wuce abinsa, bai kewaya ba. Kewayar nan kuwa ita ce dukan aikin.

A 1820 wani masani na ƙasar Denmak, Oersted, ya lura allurar kamfas tana karkata in lantarki na bin wayar da ke kusa da ita. Watau kowace waya mai ɗauke da lantarki tana da ɗan ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita. In an naɗa ta, ƙarfin kowane naɗi ya haɗu da na ɗan'uwansa, ƙarfen da ke tsakiya kuma ya tattara shi ya ƙara masa. A 1825 Sturgeon na Ingila ya nuna irin wannan mayen ƙarfe. Shi ma wayarsa tsirara ce, amma ya fi ni wayo, gama ya shafe ƙarfensa da fenti, ya kuma bar fili tsakanin naɗi da naɗi. Henry na Amurka ne ya rufe wayar kanta da siliki, ya sami damar yin naɗi bisa naɗi.

To, ku nemi waya mai rufi. Ku naɗa kamar sau 50, kusa da kusa, duk ta fuska ɗaya. In kun juya hannu a tsakiya, rabin naɗin zai kashe ƙarfin ɗaya rabin. Ku kankare rufin bakin wayar biyu da wuƙa, sa'an nan ku danna ɗaya a kan batir, ɗaya a gindinsa. Allurai za su maƙale. Kada ku daɗe kuna dannawa, don batir yakan yi zafi ya mutu da wuri. Wutar gida kuwa, kada ma ku kusance ta da wannan wasa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ana iya sarrafa ƙarfin. Ku ajiye kamfas kusa da tsinin ƙusa, ku duba wane bakin allurarsa ya juyo. Ku juya batir, kai ya koma gindi. Nan da nan allurar za ta juya, ɗaya bakin ya fuskanci ƙusa, gama arewar ƙusa ta zama kudu. In kuna so ku san arewa tun ba ku gwada ba, ku kama naɗin da hannun dama, yatsu huɗu su bi yadda lantarki ke kewayawa daga kan batir zuwa gindinsa. Inda babban yatsa ya nuna, nan ne arewa.

Da na koma ajin bayan mako guda, ƙusa ta ɗauki allurai. Na saki waya, suka zube, sai biyu suka rage a maƙale. Wani yaro ya ce, “Malam, waɗannan fa?” Wannan karo ina da amsa: ƙarfen ƙusa yana da ɗan tauri, shi ya sa yakan riƙe ragowar ƙarfin bayan an yanke lantarki.